Hayar Gida da Rubuta Ta a Shari'ar Musulunci

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya sanya gida ya zama wurin natsuwa da sutura ga ɗan Adam. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi wata mu'amala ce wadda jama'a da yawa suke cikinta tsundum, amma kaɗan ne suka san hukuncinta, watau hayar gidan zama da rubuta yarjejeniyar da mai gida da ɗan haya suka ƙulla. A Moriki da Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, kamar sauran garuruwan ƙasar Hausa, an saba ƙulla haya da baki. Mutum ya zo tare da dillali ko wani ɗan'uwansa, a zauna a zaure a yi ciniki, a ce Allah Ya sa albarka, a miƙa kuɗi a karɓi mabuɗi. Muddin mutanen nan biyu suna raye kuma suna shiri, babu mai jin kansu. Sai ranar da ɗayansu ya rasu, ko gini ya faɗi da damina, ko aka sayar da gidan, sa'an nan ne za a nemi abin da aka ƙulla a rasa, domin kowa da abin da ya riƙe a ransa.

Yadda Haya Ta Yawaita

A zamanin da, baƙo bai cika neman gidan haya ba. Falke yana sauka a zango ko a gidan fatomansa, almajiri yana kwana a zauren malaminsa, wanda ya zo da niyyar zama kuwa sai ya je ya gai da mai unguwa ko dagaci a nuna masa fili ya kafa danga. Al'amura sun fara sakewa bayan da hanyar jirgin ƙasa wadda ta taso daga Zariya ta bi ta Funtuwa da Gusau ta iso Ƙaura Namoda a shekarar 1929, ta zo da ma'aikatan reluwe da akawunan masu sayen gyaɗa da auduga, mutanen da ba noma ya kawo su ba, kuma ba su da dangi a garin. A shekarar 1983 aka kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Ƙaura Namoda, ɗalibai da malamai suka daɗa yawan masu neman ɗaki. Da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara daga Jihar Sakkwato a shekarar 1996, ma'aikatan gwamnati da ake yi wa canjin wurin aiki suka ƙaru.

Amma abin da ya fi kowane cika garuruwan nan da masu neman mafaka shi ne ta'asar 'yan bindiga, wadda ta addabi karkarar Zamfara tun daga wajen shekarar 2011. Manomi wanda kakanninsa ba su taɓa biyan ko anini don wurin kwana ba, ya wayi gari ya bar gidansa da rumbunsa, ya kwaso iyali ya shigo cikin gari yana neman ɗaki ɗaya. Irin wannan mutum ba ya cikin halin jayayya da mai gida, abin da aka yanka masa shi zai karɓa. Saboda haka sanin hukuncin haya ya zama bukata ga wanda yake bayarwa da wanda yake karɓa baki ɗaya.

Halaccin Haya

Haya halal ce da Alƙur'ani da Sunna da haɗuwar malamai. A cikin Suratul Ƙasas, aya ta 26 zuwa ta 28, Allah Ya ba da labarin yadda dattijon Madyana ya ɗauki Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, aiki na shekara 8, tare da ba shi zaɓin ya cika 10 in ya ga dama. An faɗi wa'adi, an faɗi abin da za a bayar, an kuma bambance abin da ya zama tilas da abin da yake kyautatawa ce kawai. Haka nan a lokacin Hijira, Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, da Sayyidina Abubakar sun ɗauki hayar wani mutum masanin hanya, Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ, suka yanka masa wuri da lokaci, watau kogon Sauru bayan kwana 3.

Malaman mazhabar Imamu Maliku, wadda ita ce kotunan Shari'a na Zamfara suke hukunci da ita, suna kiran ɗaukar mutum aiki da sunan ijara, hayar gida da gona da dabba da jirgi kuwa suna kiranta kira'i. Shehu Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya bayyana a cikin Risala cewa hukuncin haya ɗaya ne da na ciniki wajen abin da ya halatta da abin da ya haramta. Dalili kuwa shi ne, haya ciniki ce, sai dai abin da ake sayarwa shi ne amfanin gidan zuwa wani lokaci, ginin kuma yana nan a hannun mai shi. Tun da ciniki ce, lalle ne a san gidan da aka ba da, a san kuɗin, a san wa'adin, kuma mutanen biyu su kasance masu hankali da suka yarda ba tare da tilas ba. Duk abin da aka bari cikin duhu daga waɗannan ya shiga cikin garari, watau cinikin rashin tabbas wanda Annabi ya hana.

Ya kamata a fahimci cewa hayar da aka ƙulla da baki ta ƙullu, kuma ta inganta. Rubutu ba ya cikin sharuɗɗan inganci. Amfaninsa yana bayyana ne ranar da aka saɓa, aka je gaban alƙali, ya tambayi mai ƙara hujja.

Umurnin Rubutu

Ayar da ta fi kowace tsawo a cikin Alƙur'ani ita ce ta 282 a Suratul Baƙara, kuma a kan rubuta bashi ta sauka. A cikinta Allah Ya umurci muminai su rubuta duk mu'amalar da ta ƙunshi bashi zuwa ajali sananne. Ya ce marubuci ya yi adalci, wanda haƙƙi yake kansa shi ne zai yi shifta, kada kuma ya tauye kome. Ya yi umurni a kafa shaidu, Ya hana ƙosawa da rubutun ko abin ƙarami ne, Ya kuma faɗi hikimar yin haka: ya fi adalci a wurin Allah, ya fi tsai da shaida, ya fi nesanta mutane daga shakka. Abin da aka ɗauke wa rubutu kawai shi ne cinikin hannu da hannu wanda ake gamawa nan take.

To, hayar gida ba ta cikin cinikin hannu da hannu. Idan ɗan haya ya biya kuɗin shekara tun farko, yana bin mai gida bashin zama na wata 12. Idan kuma sai ƙarshen wata yake biya, mai gida ne yake bin sa. Ko ta wane gefe aka duba, akwai haƙƙin wani a wuyan wani zuwa ajali. Yawancin malamai sun ɗauki umurnin da ke cikin ayar a kan shiryarwa da mustahabbanci, saboda ayar da ta biyo bayanta ta yarda da amincewa da juna. Waɗansu kuwa, cikinsu har da Imamu Ɗabari mai tafsiri, sun tafi a kan wajibi ne. Ko da an ɗauki zance mafi sauƙi, abin da Allah da kanSa Ya ce ya fi adalci bai kamata mumini ya yi sakaci da shi ba.

Manzon Allah ya yi aiki da wannan. Sulhun Hudaibiyya a shekara ta 6 bayan Hijira rubuta shi aka yi, Sayyidina Aliyu ne ya riƙe alƙalami. Tirmizi ya ruwaito cewa Annabi ya sa an rubuta wa sahabinsa Adda'u ɗan Halidu takardar wani ciniki da suka yi. Babu wanda ya kai Annabi amana, Adda'u kuma bai yi shakkarsa ba, amma duk da haka aka rubuta.

Daga baya malamai suka mai da rubuta yarjejeniya wani fanni na ilmi mai zaman kansa, ana kiransa ilmin wasiƙu ko ilmin sharuɗɗa. Imamu Ɗahawi na Masar, wanda ya rasu a 321, ya wallafa littattafai a kansa. Ibnul Aɗɗar na birnin Ƙurɗuba a Andalus, wanda ya rasu a 399, ya tara samfurorin takardu iri iri don amfanin marubuta da alƙalai. Wansharisi na birnin Fas, wanda ya rasu a 914, ya yi littafi a kan ladubban mai rubuta wasiƙa. Ke nan wanda yake zaton takardar haya Turawa ne suka zo da ita ya yi kuskure, domin Musulmi sun san ta ƙarnoni kafin zuwansu.

Abin da Ya Kamata Takarda Ta Ƙunsa

Ba a bukatar dogon turanci. Ana iya rubutawa da Hausa, da boko ko da ajami, a kan warƙa ɗaya. Da farko a rubuta sunan mai bayarwa da na mai karɓa, a kuma bayyana matsayin mai bayarwa: shi ne mai gidan, ko wakili ne, ko wasiyyin marayu. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai a gidajen gado da ba a raba ba, inda babban wa yakan ba da hayar gida duka ya karɓe kuɗin, alhali ƙannensa mata da matan mahaifinsa suna da rabo a ciki kuma ba a shawarce su ba. Mutum ba shi da ikon ba da hayar rabon wani sai da izninsa.

Sa'an nan a siffanta gidan, unguwarsa da maƙwabtansa da yawan ɗakunan da aka ba da. Idan sashe ne a cikin gidan haɗaka, a faɗi yadda za a yi da zaure da rijiya da madafa da bayan gida, da yadda za a raba kuɗin wuta da na ruwa. A rubuta kuɗin haya da lambobi da kuma kalmomi, da lokacin biya, da abin da aka bayar kafin alƙalami, da wanda zai biya la'adar dillali. A rubuta ranar shiga da ranar fita, a kuma faɗi lissafin da aka bi, domin shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, cikin shekara 3 bambancin ya haura wata guda. Daga ƙarshe kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, shaidu su sa nasu, a yi kwafi biyu kowa ya riƙe ɗaya. Duk lokacin da aka biya kuɗi kuma a ba da rasit.

Wajiba da Mushahara

Akwai wata mas'ala wadda rashin saninta yake jawo rigima mai yawa. Malaman Malikiyya sun kasa haya kashi biyu. Na farko ita ce wajiba, wadda aka yanka wa wa'adi, kamar mai gida ya ce ya ba da wannan gida shekara ɗaya daga 1 ga Muharram a kan naira 120,000. Wannan ta lazimci kowa. Mai gida ba shi da ikon fitar da ɗan haya ko ƙara masa kuɗi kafin shekara ta cika, ko da wani ya zo ya taya da ninki biyu. Ɗan haya kuma ba shi da ikon ya tashi a wata na biyar ya ce a mayar masa da sauran kuɗinsa don ya sami inda ya fi araha, sai fa in mai gida ya yarda don kansa.

Na biyu ita ce mushahara, wadda aka faɗi kuɗin kowane wata ko kowace shekara amma ba a faɗi ƙarshe ba, kamar a ce kowane wata naira 10,000. Bisa mashhurin zance a mazhaba, wannan ba ta lazimci kowa ba, kowane ɗayansu yana iya warware ta sa'ad da ya so, sai dai idan an riga an biya kuɗi, to, ta lazimta gwargwadon abin da aka biya.

Mutane da yawa suna zaune a kan mushahara suna zaton wajiba ce. Magidanci ya yi shekara 6 a gida, ya sa 'ya'yansa a makarantar unguwa, matarsa ta sami masu sayen ƙosanta, yana ganin kamar ya kafu, alhali a shari'ance ana iya sallamarsa da zarar watan da ya biya ya ƙare. Da an rubuta wa'adi, ko an rubuta cewa sai an ba shi notis na wata 3, da sharaɗin ya tsare shi, domin hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito ya nuna Musulmi suna ɗaure da sharuɗɗan da suka ƙulla, in dai ba su halatta haram ko su haramta halal ba. Har dokokin gwamnati ma a kan haka suke tafiya. Dokar haya da Jihar Legas ta yi a shekarar 2011 ta ajiye notis na wata 1 ga mai biya wata wata, da wata 6 ga mai biya shekara shekara, amma ta ce wannan sai inda mutanen biyu ba su ƙulla wani abu dabam ba.

Gyara da Yaɓe

Gidajen ƙasa suna bukatar yaɓe da gyaran indararo kafin damina, na kwano kuma iska takan kware su. Wa zai gyara? Shehu Halilu ya bayyana a cikin Muhtasar cewa ba a tilasta wa mai gida gyara. Sai dai idan ɓarnar ta kai ga cutarwa, kamar ɗaki yana yoyo har ba a iya kwana, ɗan haya yana da zaɓi, ya zauna ko ya warware hayar ya biya na abin da ya zauna kawai. Idan kuwa ya sayo siminti da kwano ya gyara ba da iznin mai gida ba, ana ɗaukarsa mai sa kai ne, ba shi da ikon cire kuɗin daga haya.

Shari'a ta buɗe ƙofar warware wannan tun ranar ƙullawa. Ya halatta a sharɗanta cewa ɗan haya zai yi yaɓe ko gyara ko kwasar masai daga cikin kuɗin hayar da ya riga ya hau kansa, a lissafa a cire. Abin da bai halatta ba shi ne a ce duk abin da ya lalace ya gyara daga aljihunsa ba tare da an ƙayyade ba, domin a nan kuɗin hayar ya zama abin da ba a san iyakarsa ba. Layi biyu a takarda sun isa su kashe wannan fitina. Ranar gini, in ji Hausawa, ita ce ranar zane.

Idan Mutuwa Ta Zo

Risala ta bayyana cewa haya ba ta warwarewa saboda mutuwar mazaunin gida, haka kuma mazhaba ta tafi a kan mutuwar mai gida ba ta warware ta, saɓanin Hanafiyya waɗanda suke ganin mutuwar ɗayansu tana kawo ƙarshenta. Saboda haka magadan mai gida ba su da ikon korar ɗan haya kafin wa'adi don suna son raba gado, magadan ɗan haya kuma suna gadon sauran zaman da ya rage.

A nan akwai hukuncin da ya shafi mata kai tsaye. Matar da mijinta ya rasu za ta yi takaba wata 4 da kwana 10 a gidan da mutuwar ta same ta. Risala ta ce tana da haƙƙin mazauni idan gidan mallakar mamacin ne, ko kuma ya riga ya biya kuɗin hayarsa. A ce wani magidanci ya gudo daga ƙauye ya kama ɗaki a Moriki, ya sayar da ɗan abin da ya tsira da shi ya biya shekara guda, bayan wata 2 Allah Ya yi masa rasuwa. Idan akwai rasit, matarsa da marayunsa suna da sauran wata 10 babu mai taɓa su. Idan babu, kuma mai gidan ya musa ko shi ma ya rasu magadansa suka ce ba su san zancen ba, matar da take cikin takaba ita ce za ta nemo hujja, alhali wataƙila ba ta ma san nawa mijinta ya biya ba. Ƙa'idar shari'a ita ce hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa tana kan mai musu. Guntuwar takarda wadda ba ta kai tafin hannu ba ita ce za ta tsaya wa wannan baiwar Allah a ranar da mijinta ba ya nan.

Rushewa, Tsoro da Rufe Kasuwa

Idan gida ya rushe kafin wa'adi, haya ta warware a kan abin da ya rage. Wanda ya biya naira 120,000 na shekara, gini ya faɗi da marka bayan wata 8, yana bin mai gida naira 40,000. Muhtasar ya ƙara da cewa haya tana warwarewa idan wani azzalumi ya ƙwace gidan, ko kuma hukuma ta ba da umurnin rufe kantuna. Mutanen wannan yanki sun ga irin haka da idonsu a shekarar 2021, lokacin da gwamnatin Jihar Zamfara ta rufe kasuwannin mako mako saboda matsalar tsaro, har da babbar kasuwar Shinkafi. Wanda ya yi hayar rumfa ko kanti a cikin kasuwar da hukuma ta rufe ba a bin sa kuɗin kwanakin da aka hana shi amfani da wurin. Amma gidan kwanansa yana nan a kan hukuncinsa, domin ba a hana shi zama a ciki ba, sai dai mai gida ya tausaya masa.

Game da tsoro kuwa, Ibnu Ƙudama, babban malamin Hambaliyya, ya yi bayani mai amfani a cikin littafinsa Almugni. Ya bambanta tsoro na gama gari, wanda ya hana kowa zama a wurin, da tsoron da ya keɓanta da ɗan haya shi kaɗai. A na farko ɗan haya yana da zaɓin warwarewa, a na biyu ba shi da shi. Idan hare hare suka tashi unguwar bayan gari duka, kowa ya kwashe, ba adalci ba ne mai gida ya riƙe kuɗin watannin da babu mai iya kwana a gidan. A wurin da irin wannan yake iya aukuwa, hankali shi ne a rubuta tun farko yadda za a yi da sauran kuɗi idan gudu ya kama.

Sayar da gida shi ma ba ya warware hayar da aka yanka wa wa'adi. Mai saye zai jira wa'adin ya cika, kuma wajibi ne mai sayarwa ya gaya masa akwai ɗan haya a ciki. Sau da yawa sabon mai gida yakan zo da magina washegari, ɗan haya kuwa ba shi da abin nunawa.

Aro da Jingina

Wajibi ne a bambanta haya da aro. Mutane da yawa sun buɗe gidajensu ga 'yan'uwa da suka yi gudun hijira ba tare da karɓar kome ba, Allah Ya saka musu da alheri. Amma idan zama ya yi tsawo, wani lokaci mai gida ko magadansa sukan juyo su nemi kuɗin shekarun baya, wani lokaci kuma wanda aka ba aro 'ya'yansa su tashi suna zaton gidan ubansu ne. Rubuta cewa aro ne, zuwa lokaci kaza, yana tsare zumunci da ladan mai kyauta.

Haka nan a kiyayi abin da waɗansu suke kira jinginar gida, inda mutum zai ba da rancen kuɗi ya shiga gidan wanda ya ranta wa ya zauna kyauta, ko ya zuba 'yan haya yana karɓa, har ranar da za a biya shi kuɗinsa cif. Wannan rance ne da ya jawo amfani, malamai kuwa sun sanya shi cikin riba. Ƙara wa ɗan haya kuɗi saboda ya yi jinkirin biya shi ma riba ne, ko da an rubuta shi an sa hannu, domin rubutu ba ya halatta abin da Allah Ya haramta.

Shaidu

A sha'anin dukiya ana karɓar shaidar maza biyu adalai, ko namiji ɗaya da mata biyu, a mazhabar Maliku kuma har da shaida ɗaya tare da rantsuwar mai da'awa. Ya fi kyau a nemi mutanen da aka sani da gaskiya kuma mazauna gari, kamar limamin unguwa ko mai unguwa, a kauce wa wanda yake da wani amfani a cikin cinikin. Shaidu mutane ne, suna mantuwa, suna ƙaura, suna mutuwa, balle a zamanin da jama'a suke warwatsuwa. Malikiyya sun yarda a ba da shaida a kan rubutun hannun wanda ya yi iƙirari, da na shaidan da ya rasu ko ya yi nisa, idan an sami waɗanda suka gane rubutun. Ta haka takarda takan ci gaba da magana bayan masu ita sun kwanta dama.

Masu Cewa Rashin Yarda Ne

Babban abin da yake hana mutane rubutu shi ne kunya. Ɗan haya yana jin nauyin ya ce wa dattijo ya ba shi rasit, mai gida kuma yana gudun a ce ya mai da ɗan'uwansa bare. Amsar wannan ita ce, Allah Ya san muminai sun yarda da juna lokacin da Ya umurce su da rubutu, kuma sahabbai ne farkon waɗanda aka yi wa umurnin. Harshe da haƙori ma sukan saɓa. Mutanen kirki biyu suna iya rabuwa a kan ko wata na bakwai aka shiga ko na takwas, babu maƙaryaci a cikinsu, mantuwa ce kawai. Ya kamata wanda ya fi ƙarfi, watau mai gida, shi ya fara kawo zancen takarda, don ya ɗauke wa mai rauni nauyin tambaya. Limamai da masu unguwanni kuma za su taimaka ƙwarai idan suka saba tambayar ina takarda duk lokacin da aka kira su shaida.

Bayan duk wannan, takarda ba ta maye gurbin tsoron Allah. Wajibi ne ɗan haya ya biya a kan lokaci, domin hadisi ingantacce ya kira jinkirin mai hali zalunci, ya kuma riƙe gidan amana, kada ya cuci maƙwabta, kada ya saka wanda ya fi shi ɓarna a ciki. Wajibi ne mai gida ya bar shi ya amfana da abin da ya biya, kada ya faɗa masa gida ba sallama, kada ya cire ƙofa ko ya kware rufi don ya tilasta masa fita. In hakkinsa ya maƙale, ga dattawa, ga alƙali. In kuwa ya tabbata ɗan hayarsa yana cikin ƙunci na gaskiya, to, aya ta 280 a Suratul Baƙara ta yi umurni a saurara wa matalauci har ya sami sauƙi, ta kuma nuna yafewa ta fi alheri.

Allah Shi ne mafi sani. Allah Ya ba da ikon cika alkawari da tsare haƙƙin bayinSa, Ya mayar da waɗanda aka raba da gidajensu gida lafiya, Ya zaunar da ƙasar Zamfara da Nijeriya baki ɗaya cikin aminci. Amin.